Sunan da Na'urar Jami'a Ta Nema

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da zukata ke ɓoyewa. Tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa.

Tun da mutane suka koma kai wa na'ura kukansu, jami'a ta gindaya sharaɗi: ba mai samun digirin nazarin halayyar ɗan Adam sai wani ya buɗe masa cikinsa a gaban na'urar jarrabawa. Jikata Rumasa'u ta rasa kowa, ta jawo ni.

Ta ce, "Angona, me ke damunka?"

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Na'urar ta ce ina ɓoyewa.

"Haba Malam, karatuna zai tashi a banza!"

"To, rashin mahaifinki ne."

Na'urar ta ce in faɗi sunansa.

"Ke, gaya wa wannan marar kunyar cewa ɗana na fari ne! Ko ranar da muka binne shi ban kama sunansa ba."

"Ba ta san kara ba, Malam." Idanun yarinyar suka cika da ƙwalla.

Na sunkuyar da kai na ce, "Zubairu."

Na'urar ta ce ba ta ji sosai ba, in ɗaga murya. Na ɗaga. Rumasa'u ta ci jarrabawarta.

Allah Ya jiƙan mamatanmu, Ya suturta mai karatu.