Baƙuwar Ɗaki Na Tara

Manaja ya sake karanta wasiƙar, gumi na keto masa. Otal ɗinsu ne ya lashe kyautar gasar otal-otal ta bana.

"Kai ba ka murna ne?" in ji mai otal.

Manaja ya miƙa masa takardar. Ashe baƙuwar da zazzaɓi ya kayar a ɗaki na tara alƙaliyar gasar ce, ta zo a ɓoye. Ta rubuta cewa wata mai shara ta zauna bakin gadonta tana shafa mata ruwa har ta farfaɗo, kuma ita kaɗai za ta damƙa wa kofin.

"To, kira ta mana!"

"Da wane baki, ranka ya daɗe? A ranar na kore ta. Dokarmu ta hana ma'aikaci zama a gadon baƙo."