Awarwaron Tabawa

Tun da aka ɗaura wa kowa awarwaron awon damuwa, asibiti ba ya ba da magani sai ga wanda nasa ya yi ja.

Tabawa, wadda aka raɗa wa suna Sallau ranar suna, ta girma nata yana jawur, don jikin namiji ya zame mata rigar aro mai shaƙe wuya. Allurar sinadarin mata ce ta mayar da shi kore, har barci ya dawo mata. Amma mai kore ba ya samun allura.

Shi ya sa duk ƙarshen wata, kafin ta je asibiti, take biyawa ta shagon ɗinkin yayanta Mamuda. Zagi biyu daga bakinsa sun isa su mayar da awarwaron ja.

Yau ta yi sallama, ta tsaya jiran rabonta. Mamuda ya tsayar da keken, ya daɗe yana dubanta.

"Na gaji da faɗan nan," in ji shi. "Shigo ki sha ruwa, Tabawa."

Shekara tara tana jiran sunan nan daga bakinsa. Ta dubi hannunta, kore shar.

"Yaya," ta ce, "don girman Allah ka zage ni. Ƙarfe huɗu suke rufe asibitin."