Tambayar Jijiyar Laka

"Sau uku ke nan!" Na buga takardar jarrabawar ɗalibata a kan tebur. "Ƙwayoyin fata suna rabuwa, rauni ya warke. Na jijiyar laka fa, idan suka mutu?"

"Suna dawowa, Malam."

Raina ya ƙara ɓaci. Yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a ajina, wadda take zana rabuwar ƙwayar halitta a allo ba tare da ta leƙa littafi ba, yau ita ce take raina mini hankali.

"Ba sa dawowa, kin sani sarai! Gobe ki zo mini da mahaifinki, in ba haka ba kada in sake ganin ƙafarki a ajin nan."

Washegari na ji ƙarar taya a baranda. Ta turo mahaifinta a keken guragu har gaban teburina. Murmushi yake yi, yana riƙe da takardar da na cika da jan biro.

Idanunta sun yi jawur.

"Malam, ga Baba. Tun da ya yi haɗari, duk abin da na rubuta sai ya karanta. To, faɗa masa amsar da bakinka."