Fim Ɗin Layinmu

Sai yau na lura cewa sakatar sabuwar ƙofar unguwarmu ta waje take.

Da kamfani ya sayi Tudun Rimi don yin filin shaƙatawa na fina-finai, bai tashi kowa ba. Kowane layi za a ba shi fim guda, mu rayu a cikinsa shekara goma, 'yan kallo suna wucewa.

Na je awo shagon Baba Tanimu tela, na tarar ana musu.

"Na 'yan sama jannati za a ba mu," in ji Shamsu. "Na ga ana sauke fitilu."

"Kai da ko tsani ba ka iya hawa?" Anti Ladiyo ta kwashe da dariya. Ita ce bakin layinmu, ba a biki sai da guɗarta. "Na soyayya ne, yaro. Ni ce uwar amarya!"

Baba Tanimu bai ɗago daga keke ba.

"Farin yadi kawai aka aiko mini. Na fatalwa ne. An ce matan da suka haura hamsin tsayuwa za su riƙa yi a taga, ban da magana."

Anti Ladiyo ta buɗe baki, ta rufe. Ta ɗauki ledarta ta fita.