Tsutsotsin da Suka Ƙi Ƙarewa

Kwana shida ke nan maigida yana tsame jajayen tsutsotsi daga akwatin gilashin kifinsa da matacin shayi. Ya zuba magani, ya canja ruwa. Kullum da safe sai ya tarar da sababbi, kifin kuwa sai ramewa yake.

Ya kira mai sayar da kifi har gida, yana ta faɗa. "Maganinka aikin banza ne! Duba nan!"

Mutumin ya leƙa matacin, sannan ya dubi matar gidan da ta shigo ta kawo masa ruwan sha.

"Hajiya, ba su ne tsutsotsin da nake sayar miki ba?"

Ta dafe ƙirji. "Abincinsa ne fa, Baban yara! Ni ina nan ina murna yana cinyewa tas, har ƙara masa nake yi!"