Daga Jakarta zuwa Bogor, Ba Hannu

"Saki sitiyarin, Man," in ji maigida, Pak Hendarto, daga kujerar baya.

Wagiman, wanda maigida ke kira Man, ya leƙa madubi. Shekara ashirin da uku yana tuƙa mutumin nan, tun ranar da ya bar jan ƙaramar bas a cikin gari, kuma kalmar a'a ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba. Direban gida ba ya musu da maigida, balle a gaban baƙo. Baƙon yau kuwa suruki ne, Pak Sumitro, wanda tun daga Jakarta ake cika wa kunne da labarin sabuwar mota mai tuƙa kanta.

Wagiman ne kaɗai ya karanta littafin motar. Taimaka wa direba take yi, ta riƙe layi, ta rage gudu, amma sai da hannu a kan sitiyari. Ya so faɗa sau uku a satin nan, sau ukun yana fasawa.

"Pak, ana ruwa fa," ya ce a hankali.

"Ruwan Bogor yau ka fara ganinsa? Ko kishi kake da mota?" Maigida ya yi dariya, ya miƙo kwalin kek ɗin da aka saya wa matar suruki. "Ungo, riƙe da hannu biyu, kar ka yi mana wayo."

Wagiman ya matso da kujerarsa gaba, ya karɓi kwali ya rungume.

Ya san inda wasan nan zai kai. Tun da aka kawo motar uwargida take tambayar amfanin ciyar da direba. In motar ta yi abin kirki, aikinsa ya tafi, ga 'yarsa Lestari saura shekara ɗaya ta gama karatun jinya. In ya kama sitiyari, ya ƙaryata maigida a gaban suruki, aikin dai ya tafi. Tsoro ya cika shi, ya rasa ta inda zai fita.

Motar ta yi ƙara sau uku, ta yi shiru. Koriyar fitilar da ke nuna tana riƙe da layi ta mutu.

"Ka ji ta daina kuka," in ji maigida. "Ta saba da hanyar."

Wata tirela ta sako kai cikin layinsu ba ko sigina. Motar ta zame gefe a hankali, ta wuce, ta dawo. A kwanar Cibinong ta bi lanƙwasar kamar wadda aka haifa a wurin. Pak Sumitro, da ya ƙanƙame kujera tun farko, ya saki jiki har ya fara tambayar farashi. Gumi kuwa ya jiƙe rigar Wagiman sharkaf, duk da sanyin da ke cikin motar.

Sai a ƙofar biyan kuɗin hanya ta Bogor aka ba shi izinin ajiye kwali.

A ƙofar gidan suruki maigida ya fita, ya zagayo ya dafa kafaɗar Wagiman ta taga. Muryarsa da taushi, don ba mugun mutum ba ne.

"Ka gani da idonka, Man. Kai ma ka tsufa, ka je ka huta. Ƙarshen wata za mu sallame ka da mutunci. Ranar Lahadi ma ni zan hau tsaunin Puncak da jikokina, in zauna a gaba in naɗe hannu."

"To, Pak," in ji Wagiman.

"Fito mana ka sha shayi."

"Yanzu, Pak."

Bai iya fitowa ba. Gwiwarsa ta hagu ta sandare, karkarwa kawai take, don da ita ya tuƙo su kilomita arba'in a ƙarƙashin kwalin.