Furannin da Ke Dawowa Gida

Bana ma furannin sun dawo. Eckhard Pohlmann ya tarar da su a bakin ƙofa, jiƙe sharkaf.

Shekara talatin yana majalisa a jam'iyyar 'yan mazan jiya. Duk ranar tunawa da mamata sai ya ajiye furanni a bakin kogin Elbe, inda masu gadin iyakar Gabas suka harbe ƙanensa Jochen yana iyo don ya gudu Yamma, lokacin da ƙasar take rabe biyu. Da labarin nan yake cin zaɓe. Kuma duk shekara sai furannin sun biyo shi gida.

"Mama, Jochen ne," ya ce wa mahaifiyarsa. "Har yau bai kwanta ba."

Tana yanka burodi, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Jochen yana barcinsa. Ni ce na kasa."

Sai lokacin ya lura da takalmanta, duk lakar bakin kogi.

"Da katangar da ta raba ƙasar ta faɗi, na je na karanta fayil ɗin 'yan leƙen asirin Gabas. Wanda ya tsegunta musu ranar guduwar da hannu ya rubuta, bai sa suna ba." Ta ajiye wuƙar. "Amma ni na koya maka rubutu, Eckhard."